Ganau ko Jiyau? Sharhi a kan Bayanin Tarihi na Landeroin cikin Kundin Tilho

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bincike a kan tarihin ƙasashen kudancin Nijar, wato Ƙwanni da Adar da Gobir ta Tsibiri da Katsina ta Maraɗi da Tasawa da Damagaram, ya san akwai littafi guda da ba a kauce masa. Shi ne kundin da aka buga a Paris da sunan Documents scientifiques de la Mission Tilho, juzu'i uku, a 1910 da 1911 da 1914. A cikin juzu'i na biyu akwai dogon bayanin tarihi, sama da shafi 200, wanda hafsan soja kuma tafinta Moïse Landeroin ya rubuta a kan ƙasashen da ke tsakanin tafkin Cadi da kogin Kwara. Daga wannan bayani ne jerin sarakuna da shekarun sarauta da labaran yaƙe-yaƙe masu yawa suka shiga littattafan da suka biyo baya, daga nan suka shiga littattafan lakkwal, har suka kai ga bakin mutane.

Manazarta sun saba lasafta wannan aiki cikin takardun asali, wato shaidar da ta fito daga zamanin da ake magana a kansa. Manufar wannan sharhi ita ce auna wannan matsayi da idon mai nazarin harshe. Bahaushe ya raba masu ba da labari gida biyu, ganau da jiyau. Malaman Hadisi kuma ba su karɓar ruwaya sai sun bi salsalarta mutum bayan mutum. To, a wane gida ya kamata a sa Landeroin, kuma hannu nawa labarinsa ya bi kafin ya iso gare mu? Amsar tana da muhimmanci ga masu bincike, tana kuma da muhimmanci ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, domin su ne za su mayar wa jama'a tarihinta cikin harshenta.

2. Dalilin da ya sa aka tattara labaran

Tambaya ta farko da ake yi wa kowace takarda ita ce: me ya sa aka rubuta ta? Ayarin da Kaftin Jean Tilho ya jagoranta daga 1906 zuwa 1909 ayarin shata iyaka ne. Faransa da Ingila sun daɗe suna jayayya a kan wannan yanki. A 1890 sun ja layi a kan takarda daga Sayi zuwa Barruwa a gaɓar Cadi. A 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya tura Faransawa cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, har hanyarsu ta zuwa Damagaram ta zama wahala. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ta 29 ga Mayu 1906 suka gyara layin, sannan aka tura Tilho daga ɓangaren Faransa da Manjo O'Shee daga ɓangaren Ingila su kafa alamomi a ƙasa. Alamomi 148 suka kafa.

Abin lura a nan shi ne wani sharaɗi da ke cikin yarjejeniyar 1904. An amince cewa wajen tsayar da iyaka za a yi la'akari da yadda ƙasashen suke a rabe ta fuskar sarauta, ta yadda mutanen da ke ƙarƙashin Tasawa da Maraɗi da Damagaram za su zauna a hannun Faransa gwargwadon hali. Ma'anar wannan a fili take. Tambayar wane gari ke bin wane sarki, wa ya kafa shi, wa yake kai wa kuɗi, ta zama tambayar wane ɓangare na iyaka garin zai faɗa. Ke nan tarihi ya zama hujjar shari'a. Mai tambaya yana da muradi, domin duk abin da ya nuna cewa Maraɗi da Tsibiri ba su taɓa bin Sakkwato ba, ko ya faɗaɗa ikon Damagaram zuwa kudu, riba ce ga Faransa. Mai amsawa ma yana da nasa muradi, domin sarakuna da fadawa sun riga sun gane cewa abin da Nasara ya rubuta a takarda shi zai yi aiki da shi gobe wajen naɗi da tuɓewa da rabon ƙauyuka.

Daɗin daɗawa, lokacin lokaci ne na tsoro. Shekaru takwas kacal suka wuce da ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine ya yi a 1899, wanda ya ƙone garuruwa daga Lugu zuwa Birnin Ƙwanni zuwa ƙasar Tasawa. A farkon 1906 aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, da na Kobkitanda da Karma a ƙasar Zabarma. A cikin shekarar nan ta 1906 Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, suka danƙa garin ga Ballama, ɗaya daga cikin bayin fada. Ba a mayar da sarautar ga gidan ba sai 1923. Saboda haka a sa'ad da ayarin Tilho ke aiki a ƙasar, fadar Damagaram fada ce da aka ɗauke wa sarki ba da jimawa ba. Duk dattijon da aka kira ya ba da tarihin gidan sarauta a irin wannan hali zai auna kowace kalma kafin ta fito, kuma abin da ya haɗiye ba ya cikin takarda.

3. Abin da ya kamata a yaba

Adalci ya wajaba a faɗi darajar aikin kafin a faɗi rauninsa. Landeroin ya bambanta da yawancin kumandojin da suka rubuta rahotannin bariki. Ya san Larabci, shi ne ma tafintan ayarin Marchand da ya ratsa daga Kwango zuwa Nilu tsakanin 1896 da 1899. Ya kuma koyi Hausa har shi da Tilho suka buga nahawu haɗe da tatsuniyoyi a 1909, da kuma ƙamus mai fuska biyu, Hausa zuwa Faransanci da Faransanci zuwa Hausa. Mutumin da ya iya wannan yana jin abin da ake faɗa masa, ba sai komai ya bi ta bakin wani ba.

Na biyu, ya zo a kan kari. Dattawan da ke raye a 1907 sun ga zamanin Ɗan Baskore a Maraɗi da na Tanimun a Damagaram da idonsu. Waɗanda suka manyanta ƙwarai sun ji labarin Gawakuke, inda Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawa a 1836, daga bakin iyayen da suka halarta. Wannan tsara ta wuce tun kafin na'urar ɗaukar magana ta zo ƙasar.

Na uku, ya ji ta bakin ɓangaren da rubuce-rubucen jihadi ba su ba wa dama ba. Littafin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da sauran ayyukan malaman Sakkwato sun bayyana faɗuwar Alƙalawa a 1808 da korar sarakunan Katsina ta mahangar waɗanda suka yi nasara. Yadda zuriyar waɗanda aka kora suke ba da labarin kafa Maraɗi da Tsibiri, wannan a wurin Landeroin ake samun tsohon rubutunsa mai tsawo. Wanda ya yi watsi da shi ya yi asara. Magana dai ita ce yadda za a karanta shi.

4. Matsala ta farko: an ji da Hausa, an rubuta da Faransanci

Bayanin tarihin da Faransanci yake. Ko a inda aka san wanda ya ba da labari, kalmomin da ya furta ba su iso gare mu ba. Abin da ke hannunmu fassara ce, kuma fassarar da aka taƙaita, aka jera ta bisa tsarin da mai karatu a Paris zai gane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalmomin da tarihin siyasa ya dogara a kansu su ne suka fi wuyar fassara.

A ɗauki dukiyar da ke tashi daga wani gari zuwa wata fada. Hausa tana da gaisuwa, tana da kuɗin ƙasa, da jangali, da zakka, da haraji, kowanne da hukuncinsa. Gaisuwa tana iya zama ta bara zuwa ga ubangidansa, tana iya zama ta maƙwabci mai neman zaman lafiya, tana iya zama ta ƙane zuwa ga wa, kuma sau da yawa ana mayar da tukuici. Rubuce-rubucen mulkin mallaka sun saba tattara waɗannan duka ƙarƙashin tribut ko impôt, kalmar nan da ta zama lanho a bakinmu. Da zarar an rubuta tribut, mai karatu ya ɗauka an tabbatar da mubaya'a. A aikin shata iyaka kuwa, bambancin gaisuwa da haraji shi ne bambancin ƴanci da biyayya. Dangantakar Damagaram da Barno a ƙarni na 19, wadda ta yi ta sauyawa daga sarki zuwa sarki, ba a iya fahimtar ta sai an san wace kalma mutanen fada suka yi amfani da ita a kowane zamani.

Haka zancen bauta. Faransanci yana da esclave da captif. Hausa ta bambanta bawan da aka kamo a yaƙi da bacucane ko dimajo da aka haifa a gida, ta bambanta kuyanga da sa-ɗaka, ta kuma san bawan sarki mai riƙe da sarauta da dawaki da mutane, wanda ɗa mai ƴanci ke durƙusa wa. Ballama da aka ambata a sama misali ne. Idan aka kira shi da kalmar da ake kiran mai noma a rinji, an ɓata tsarin fada gaba ɗaya.

Sai kuma addini. Kalmar azna, ko anna kamar yadda ake faɗa a Maraɗi, takardun bariki sun saba mayar da ita fétichiste, mai bautar gumaka. Amma binciken da Guy Nicolas ya yi a kwarin Maraɗi, da na Marc-Henri Piault a Arewa, da na Nicole Échard a Adar, ya nuna cewa kalmar tana ɗauke da ma'anar masu ƙasa na farko, masu gadon noma da farauta da ƙira, waɗanda ke da yarjejeniya da gidan sarauta. Matsayi ne cikin tsarin mulki, ba aƙida kaɗai ba. Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir sarautu ne na fada masu iko a kan bori da al'amuran mata. Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa Voulet a Afrilun 1899, a takardun ayarin matsafiya aka kira ta. Wanda ya karanta kalmar Faransanci ya tsaya a kanta, ya karɓi hukuncin baƙo a matsayin shaidar ɗan gari.

5. Matsala ta biyu: rubutun sunaye

Sunayen mutane da garuruwa da sarautu su ne kaɗan daga Hausar da ta tsira cikin irin waɗannan takardu, amma sun tsira ne cikin rigar Faransanci. Wannan rubutu, wanda har yau shi ke kan taswirori da allunan hanya, yana da raunin da ya kamata kowane mai bincike ya sani.

Ba ya bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ita, ba ya nuna tsawon wasali bisa ƙa'ida, ba ya nuna karin sauti. Bakin kogi da baƙin dutse da baƙin da suka sauka a gari duka baki za a rubuta. Haruffan ou suna tsayawa a madadin u da w, shi ya sa Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua. Gajeren a kan koma e, kamar a serki. Harafin n na mallaka kuma an yanke shi daga jikin kalmarsa an liƙa wa ta gaba, sai Birnin Ƙwanni ya zama Birni N'Konni, har wasu suka ɗauka sunan garin da n ya fara. Illar wannan ga tarihi ita ce mutum ɗaya kan zama biyu idan Bafaranshe da Baturen Ingila suka rubuta sunansa kowa da salonsa, mutum biyu kuma kan zama ɗaya. Sarauta ma kan rikiɗe ta zama sunan yanka, domin Bahaushe da sarauta yake kiran mai sarauta, kuma Ɗan Galadima na wannan shekara ba lalle shi ne na shekaru 20 da suka wuce ba.

Sai dai wannan rubutu yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba. Da yake kunne ya bi, ba ƙa'ida ba, yakan adana karin harshen wurin. Dogondoutchi misali ne mai kyau. A daidaitacciyar Hausa dutse ake cewa, da ts. A kare-karen yamma kuwa, idan ts ya zo kafin i ko e, yakan koma sauti mai kama da c amma tunkuɗau, wato mai fita da ƙarfin maƙogwaro. Abin da Bafaranshe ya ji ke nan ya rubuta tch. Ashe kuskuren rubutu na iya zama shaidar furuci. Saboda haka wanda zai gyara sunayen nan zuwa ƙa'idar yau kada ya shafe tsohon rubutun, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

6. Matsala ta uku: shekaru

Mai karatu yakan ga shekarun Miladiyya a gaban sunan sarki ya ɗauka daga bakin mai labari suka fito. Masu riƙe tarihin fada ba haka suke ƙidaya ba. Sukan ce wane ya shekara kaza a kan gado, ko su ɗaure abu da yunwa ko annoba ko yaƙi. Duk shekarar Miladiyya da aka gani a irin wannan jeri lissafin marubuci ce, wanda yakan fara daga sananniyar shekara ya yi ta ɗebewa yana komawa baya. Kuskuren shekara biyu a sarauta ɗaya sai ya bi duk sarautun da suka gabace ta. Ga kuma bambancin shekarar wata da ta rana, kwana 11 a kowace shekara, wato kusan shekara 3 a cikin 100. Ga sarakunan da aka tuɓe suka dawo, kamar yadda Ibrahim da Tanimun suka yi ta karɓe-karɓe a Damagaram. Ga waɗanda zuriyar abokan gabarsu ta fi so a manta da su.

Maganin wannan shi ne neman turaku daga waje. James Richardson ya sauka Damagaram a farkon 1851 ya tarar da Sarki Ibrahim a kan gado. Heinrich Barth ya bi ta Tasawa a Janairun 1851, ya kuma zauna Damagaram daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Rubuce-rubucen Sakkwato suna ɗauke da shekarun Hijira na manyan yaƙe-yaƙe. A kan irin waɗannan turaku ake ɗaure jeri, abin da ke tsakaninsu kuma a rubuta shi da kalmar wajen ko kimanin, kada a ba shi tabbacin da ba shi da shi.

7. Yadda shaida ɗaya ta zama goma

Babbar illa ba daga Landeroin ta zo ba, daga masu amfani da shi ta zo. Yves Urvoy ya dogara da shi ƙwarai a littafinsa na 1936 a kan tarihin al'ummun Nijar. Edmond Séré de Rivières ya buga nasa tarihin Nijar a 1965, bisa abin da magabatansa da rahotannin bariki suka tara. Kumandoji kuma, idan aka buƙaci su rubuta bayanin yankinsu, sau da yawa abin da wanda ya gabace su ya bari a ofis suke sabuntawa. Sai ɗalibi ya je gidan ajiyar takardu na ƙasa a Yamai, ko na Dakar, ko na Aix-en-Provence, ya tarar da magana ɗaya a wurare biyar, ya yi murna cewa shaidu biyar sun haɗu. Alhali kuwa rijiya ɗaya ce, guga ne ya yi yawa.

Abin bai tsaya a takarda ba. Abin da aka buga yakan koma baki. Ɗan sarki ya karanta a lakkwal, ya girma ya zama dattijon fada, mai bincike ya zo da na'ura ya ɗauki maganarsa, ya koma ya gwada da Landeroin ya ga sun dace, ya ce tarihin baka ya gaskata rubutu. Masana tarihin baka, tun daga Jan Vansina a 1961 zuwa David Henige, sun yi gargaɗi a kan wannan. A yau, bayan sama da shekara 100, wajibi ne a tambayi mai ba da labari daga wa ya ji, kuma ko ya taɓa karantawa ko an taɓa karanta masa.

Masu bincike na ƙasa sun nuna hanyar fita tun tuni. André Salifou, a aikinsa na 1971 a kan Damagaram, ya haɗa takardun bariki da maganar mutanen gari. Djibo Hamani, a aikinsa na 1975 a kan Adar, ya ƙara da rubuce-rubucen Larabci na ƙasar. Camille Lefebvre, a littafinta na 2015 a kan tarihin iyakokin Nijar, ta mayar da hankali ga yadda aka samar da irin wannan ilimi da rawar da ƴan ƙasa suka taka a ciki. Abin da ya rage shi ne aikin harshe, kuma wannan namu ne.

8. Shaidar da aka bari a baya

Abin mamaki, ɓangaren aikin Landeroin da ya fi cancantar sunan takardar asali shi ne wanda masu tarihi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Nahawun da tatsuniyoyin da ƙamus suna ɗauke da Hausar farkon ƙarni na 20 da kalmominta. Ƙamus ɗin, musamman fuskarsa ta Faransanci zuwa Hausa, mabuɗi ne ga bayanin tarihin, tun da hannu ɗaya ya shiga duka biyun. Idan mai bincike ya ci karo da tribut ko captif ko chef a bayanin, ya buɗe ƙamus ya ga waɗanne kalmomin Hausa marubucin ya jera a ƙarƙashinsu. Wannan ba zai dawo da maganar dattijon ba, amma zai rage faɗin dajin da ake nema a ciki.

Akwai kuma muryoyin da suka iso gare mu ba tare da fassara ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, wanda ya bi Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa ga J. F. Schön, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ga wanda ke son ya ji yadda ɗan talaka ya ga harin bayi da yunwa a tsakiyar ƙarni na 19, wannan ganau ne. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya samo tushe daga abin da Boubou Hama ya tara, yana riƙe da dubban takardu. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968, tana da faya-fayan tarihin baka. Wasiƙun da sarakuna suka aika wa hafsoshin Faransa da Larabci suna nan cikin ma'ajiyoyi, wasu tare da fassarar da aka yi musu a lokacin. Gwada wasiƙa da fassararta shi ne hanya mafi sauƙi ta ganin abin da tafinta ya ƙara da abin da ya rage.

9. Shawarwari

Ga masu bincike, shawara ta farko ita ce a sake buga bayanin Landeroin da sharhi. Kowane suna a bar shi yadda ya rubuta, a sa rubutunsa na ƙa'ida a gefe, a bayyana inda furucin wurin ya bambanta. Kowace shekara a nuna ko tana da turke daga waje ko lissafi ce. A haɗa da jerin kalmomin sarauta da haraji da bauta da addini, tare da abin da ƙamus ɗinsa ya ba su da abin da mutanen Tsibiri da Maraɗi da Damagaram ke nufi da su. Aikin ya fi ƙarfin mutum guda, yana bukatar masanin tarihi da masanin harshe da malamin da ya iya Larabci da ajami.

Ga masu tsara karatun manya da makarantu masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara gwajinsu da Hausa a Damagaram a 1973, akwai haɗari na musamman. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, bukatar littattafan tarihi da Hausa za ta ƙaru, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko na Faransanci a fassara. Idan aka yi haka, maganar da ta fita daga Hausa ta shiga Faransanci a 1907 za ta dawo Hausa da wasu kalmomi dabam. Gaisuwa za ta dawo haraji, azna su dawo kafirai, Sarauniya ta dawo matsafiya. Manomin da ya koyi karatu da wahala zai ga rubutu da harshensa ya ɗauka muryar kakanninsa ce. Saboda haka kada a buga irin wannan ɗan littafi sai an karanta shi a gaban dattawan garin da ake magana a kansa, an ji inda suka yi gyara, kuma a faɗa wa mai karatu cikin sauƙin harshe wa ya ba da labarin, wa ya rubuta, a wace shekara.

10. Kammalawa

Ga abin da ya faru a ƙarni na 19, Landeroin jiyau ne, mai kunne da sanin harshe, wanda ya ji daga bakin wasu ganau a lokacin tsoro, don wata bukata ta gwamnatinsa, ya kuma rubuta da harshen da ba a yi maganar da shi ba. Ga abin da fadodin kudancin Nijar suka yarda su faɗa wa Nasara a shekarun shata iyaka, a nan kam shi ganau ne, kuma ba mu da wanda ya fi shi. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai amfana da kundin Tilho ƙwarai. Kafin a kafa hujja da kowace jimla a cikinsa, a tambayi kai da wace kalmar Hausa aka fara faɗin ta, kuma wa ke zaune a wurin sa'ad da aka faɗa.